Baba Saje da Kakin da Aka Cusa a Murhu

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mamuda na Ruwan Godiya, wanda kowa ya sani da Baba Saje. Dukkanmu na Allah ne, kuma inda Baba ya tafi can muka nufa. Ina gidana a Sabuwa ina ɓarar masara aka kira ni a waya aka gaya mini. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ni sai ranar sadakar uku na samu isa, domin mai gidana ya ce ba zan hau wannan hanya ba sai an samu motocin da za su tafi tare.

Sunana Hajaratu, ɗiyar marigayi Kofur Gide. Ba jini ɗaya muke da Baba Saje ba, amma ban san wani uba ba sai shi.

Baba, tare kuka shiga soja da mahaifina, tare aka kai ku ƙasar Saliyo aikin kwantar da yaƙi, aka ajiye ku a sansanin Lungi, kusa da filin jirgin sama, a bakin teku. Kai ka dawo, shi bai dawo ba. Zazzaɓi ya kashe shi a tsakiyar damina. Ina ƙarama ƙwarai a lokacin, ban riƙe kamanninsa ba. Kakata ta ba ni labarin ranar da ka kawo jakarsa. An shimfiɗa maka tabarma ka ƙi hawa, ka durƙusa a ƙasa a tsakar gida ka ce, "Inna, da hannuna na yi mashi wanka, da hannuna na sa shi ƙasa. Ba a yar da shi ba." Ta ce tun da aka aiko da labarin mutuwar ba ta yi barcin kirki ba sai ranar.

Tun daga nan ba ka sake mu ba. Masarar farko da ka karya a gonarka, gidanmu take zuwa. Kayan sallata tare kake yanko su da na ɗiyarka Shafa'atu, launi ɗaya, don kada wani yaro ya gane wace ce marainiya. Ranar ɗaurin aurena kai ka zauna a gaba. Da aka kawo ni Sabuwa ka biyo mu a kan tsohon babur ɗinka, ka ja mai gidana gefe ka ce masa, "Ubanta soja ne, ni ma soja ne. Ka ji dai." Har yau in muka yi faɗa sai ya ce yana tsoron Saje.

Amma abin da ka fi ba ni shi ne mahaifina. A bakinka na san shi. Ka ce ranar da ya fara ganin teku ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa zai yi alwala, ya kurɓa, ya tofar, ya ce wane mugun ne ya zuba gishiri a ruwan Allah. Ka ce can ruwan sama yakan kwana ya wuni bai ɗauke ba, takalma su yi fumfuna, bargo ya ƙi bushewa, har mutum ya riƙa kewar ranar Faskari. Abincinku shinkafa da miyar ganyen rogo da manja, safe da yamma. Kwaɗayin tuwon dawa da miyar kuka ya ishi mahaifina, ya shanya ganyen rogo a kan rufin mota, ya daka shi a cikin hular ƙarfe da gindin kwalba, ya kaɗa, ya tara 'yan arewa ya ce yau ana Sallah. Ka ce ko karen sansanin ya shinshina ya wuce, amma duk kun cinye saboda kada ya ji kunya. Kullum ka zo nan wurin sai ka yi dariya har ka yi tari.

In ka zo labarin mutuwarsa kuwa, muryarka takan yi ƙasa. Ba a samu jirgin da zai dawo da shi ba. Wata tsohuwa mai sayar muku da kifi ta kawo farin ƙyallen da ta ajiye don kanta, ta ce a sa wa baƙo. Ka haƙa masa kabari irin namu, uwa da ɗa, ka sari rassan mangwaro ka jera a kai, ka cuɗa ƙasa ka liƙe. A bayan shingen sansanin, gindin wani babban rimi. Ka kafa tsohon ƙarfen tayar mota a wajen kansa.

Mutanen garinmu ba su ɗauki labaranka da daraja ba, kuma ban manta ba. In ka zauna a majalisar ƙofar masallaci, samari kan taɓa juna su ce, "Baba Saje, yau ma za mu Saliyo? A ɗauko mana kujerar gaba." Kai kuwa ka ce musu, "Ku da ko Funtuwa sai an riƙe muku hannu?" Su yi dariya, kai ma ka yi. Amma na sha ganin ka fara labari, ana watsewa ɗaya bayan ɗaya, ka ƙarasa shi da wanda barci ya kama.

Kana da koren akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai kakinka a ninke, da hularka, da lambar girman da aka ba ka, da hoto guda. Sojoji ne a tsaye a gaban tanti, mahaifina na kusa da kai, hularsa a karkace, hannunsa a kafaɗarka, yana dariya. Babu wani hotonsa a duniya sai wannan. Duk zuwan da na yi ganin gida sai ka fito da shi, ka goge da bakin rigarka, ka ce, "Dubi kunnuwan nan, ɗiyata. Naki ne sak." Sau da yawa ka ce in tafi da shi. Na ce ka riƙe, Baba, a hannunka ya fi daɗin kallo, domin in ka nuna shi labari ke biyo baya. Ka ce, "To, ranar da ba ni, naki ne. Kowa a gidan nan ya ji."

Kowa ya ji, Baba. Ɗanka Yahuza na zaune a wurin, ƙanensa Bilya ma haka.

Ranar sadakar uku na shiga gidanka, na yi wa matarka Inna Mero gaisuwa, muka yi kuka. A tsakar gida an ɗora babbar tukunya ana dafa shinkafa da wake ta masu zaman makoki. Na ji wani ƙauri kamar na ƙonannen leda, ban kawo komai a raina ba. Aka zubo mini, na ci, domin tun asuba nake hanya. Da na wanke hannu na tarar da Yahuza a zaure.

Na ce, "Yaya Yahuza, ina akwatin Baba?"

Ya ce, "Wane akwati?"

"Kore, na ƙarfe, na ƙarƙashin gado."

Ya waiga ya ce, "Rage murya, Hajaratu, akwai baƙi. Akwatin yana nan. Kayan ciki ne muka raba kanmu da su."

"Kuka raba kanku da su yaya?"

Ya nuna murhu da haɓarsa. Na ce hoton fa? Ya ce, "Duk masu kaki ne a ciki." Sai ya ƙara da cewa, "Shi ya tafi ya huta. Mu ne za mu kwana a gidan."

Baba, da kakinka da hularka da fuskar mahaifina aka iza wutar abincin da na ci.

Na san dalilinsu, kada a ce ban sani ba. Ni ma a wannan ƙasa nake kwana. Ana cewa mutanen daji in suka shiga gida suka ga kaki sai su ce gidan mai kai rahoto ne, jami'an tsaro masu bincike kuma in suka gani sai su ce na ɓarayi ne aka ɓoye. Tsoro gaskiya ne. Amma kai ma ka zauna cikin wannan tsoron shekara da shekaru. Lokacin da gari ya watse muka gudu Faskari, ka naɗe akwatin a buhu ka tura shi ƙasan rumbu, dawa ta rufe shi, muka dawo muka tarar da shi lafiya. Rumbun yana nan. Gonar tana nan, fartanya tana nan. Mutumin da ya haƙa wa abokinsa kabari a ƙasar da bai san kowa ba, 'ya'yansa sun kasa haƙa ramin kamu biyu su binne rigarsa? Sun kasa jira in iso? Hoto ai ko a cikin ɗankwali sai in fita da shi.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne abin da na ji daga baya. Wai tun ranar jana'iza aka bi mutane ana raɗa musu kada wanda ya ambaci aikin soja. Da aka tashi yi maka addu'a aka ce, Allah ya jiƙan Malam Mamuda manomi. Noma ba abin kunya ba ne, ka yi shi har ƙarfinka ya ƙare. Amma garin da ya yi shekara fiye da ashirin yana kiran ka Saje don ya yi dariya, ranar da ya kamata ya kira ka Saje don girmamawa sai bakinsa ya mutu. Kuma masu tsokanar taka su ne a sahun gaba wajen cin shinkafar.

Da zan tafi, Inna Mero ta kira ni ɗakin da take takaba. Ta kwance bakin mayafinta ta sa mini wani abu a tafin hannu. Lambar girmanka ce, ta yi baƙi, igiyarta ta cinye. Ta ce, "Wannan wuta ta ƙi ci. Da kara na tono shi cikin toka, ba su gan ni ba. Hoton ban iske shi ba, ɗiyata, ki yi haƙuri." Na zo karɓar fuska, na koma da ƙarfe. Na wanke shi da toka da lemun tsami, yana cikin kwallata.

Saboda haka nake wannan rubutu, don abin da aka hana faɗa a bakin kabarinka a faɗe shi a nan. Malam Mamuda na Ruwan Godiya soja ne, Saje ne, ya yi aiki a Lungi ta ƙasar Saliyo, ya binne abokinsa da hannunsa, ya riƙe marainiyarsa har ta zama uwa. Wanda ya san wurin kabarin mahaifina ya tafi, don haka duk wanda Allah ya kai can, ya nemi rimin da ke bayan tsohon shingen sansanin. In ya ga ƙarfen taya a kafe, Gide ne. In bai gani ba, ya yi addu'a a gindin rimin, za ta isa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mero, Allah ya ba ta haƙuri, ya saka mata da alheri. Ina yi wa Shafa'atu da sauran 'yan uwa da jikoki. Ina yi wa Yahuza da Bilya, domin uba suka rasa, kuma ubansu ne ya rene ni. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ba ta sauko ba tukuna, amma ina roƙon Allah ya saukar da ita. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan tsoro da ya sa ɗa yake gudun rigar ubansa.

Baba, Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya jiƙan tsohuwar nan mai kifi da ta ba da likkafaninta. Allah ya haɗa ka da Gide a Aljanna. In kun haɗu, ka gaya masa kunnuwansa suna nan Sabuwa, yanzu a madubi nake duba shi. Amin.