Takardar da Na Sa wa Hannu a Lome

Asabar: Zariya zuwa Ilori

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da 'yata Nafisa da akwati biyu. Shekara biyu tana cin jarrabawar shiga jami'a, gurbi bai samu ba. Sai wani abokin Alhaji, maigidana, ya haɗa mu da wani mutum a waya, mutumin ya samo mata gurbin karatun gwajin jini a wata jami'a mai zaman kanta a Lome. Sau uku na tambaye shi da wane harshe ake koyarwa, sau uku ya ce da Ingilishi. Alhaji ƙafarsa ba ta yarda da doguwar tafiya, shi ya sa rakiyar ta faɗo kaina.

Mun bi ta Minna da Bida, muka ci shinkafa da kifi a Mokwa, muka isa Ilori ana kiran magariba. Gidan wata ƙawata muka kwana.

Lahadi: Ilori zuwa Lome

Biyar daidai muka tashi, sha ɗaya saura muna Legas. Daga nan muka shiga ƙaramar mota zuwa iyakar Seme. Shingayen da ke hanyar Badagiri na ƙirga har sha huɗu, na gaji na bari.

Da muka tsallaka, wani jami'i ya riƙe katin allurarmu yana ta magana da Faransanci. Na amsa masa da Ingilishina mai kyau, ya kalle ni kamar na yi tari. Direbanmu, wani Bazabarme mai jin Hausa, ya leƙo.

"Hajiya, cewa ya yi ki ɗaga niƙabi ya ga fuska."

"To ai ba niƙabi ba ne, takunkumi ne."

"Shi ɗin dai."

Mun ratsa Kwatano, muka bi gaɓar teku har iyakar Togo. Da muka shiga Lome agogon hannuna ya ce bakwai, wayata ta ce shida. Na tambayi direba wanne ya lalace, ya ce duka lafiyarsu lau, ƙasar ce ke bayanmu da awa guda.

Zongo, unguwar Hausawa, na can arewa da gari, tafiyar kusan minti arba'in. Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifin Alhaji, wadda aure ya kai ta can tun tana budurwa, ta tare mu a ƙofa. Ta kama Nafisa tana juya ta.

"Kai, yarinyan nan ya girma! Shi ne zai shiga fakilte?"

Na waiga ina neman yaron da take nufi. Ashe Nafisa ce. Fakilte kuwa jami'a ke nan. Aka kawo mana shinkafa da wake da baƙin yaji, da wani tuwon masara mai tsami wanda ban riƙe sunansa ba.

Litinin: Ofishin rajista

Autar Gwaggo, Samira, haifaffiyar Lome ce, tana digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a. Ita ta raka mu. Babura uku muka hau zuwa wajen unguwar Kakabeli, inda jami'ar take, tara da rabi muna ofishin.

Matar da ke kan tebur ta duba takardunmu, ta ce wani abu mai kama da lasisi.

"Ce mata ba lasisi muka zo nema ba," na ce da Samira. "Digiri muke so."

"Anti, lisans ɗin shi ne digiri."

Matar ta ci gaba, ta yi magana mai tsawo. Ina kallon fuskar Samira tana sauyawa.

"Anti, ta ce karatu da Angile, wato Ingilishi, na 'yan kasuwanci ne kaɗai. Gwajin jini da Faranse ake yi. Sai Nafisa ta yi shekara guda tana koyon harshen kafin ta fara."

Na fito da waya na kira mutumin nan. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, aka ce a kashe take. Na nuna wa matar saƙonsa, ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba ma'aikacinsu ba ne, amma gurbin na gaskiya ne, kuma ranar Laraba ake rufe rajista.

Muka fito muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ɗalibai na wucewa suna hira, ban tsinci komai ba. Shekara ashirin da biyu ina koyar da Ingilishi a sakandare, ina gaya wa yara cewa wanda ya iya shi ya gama da duniya. Ga ni kwana biyu kacal daga gida, ko hanyar banɗaki ba zan iya tambaya ba.

Samira ta zaro wasu takardu daga jakarta ta ɗora min a cinya. Ingilishi ne tsantsa, bincike kan zazzaɓin cizon sauro.

"Wannan fa?"

"Abin da aka ce mu karanta ke nan. Malam zai koyar da Faranse, in ba a gane ba ya saka da Mina, yaren garin. Mu 'yan Zongo mu koma gida mu yi bita da Hausa. Sai a ce duk sabon bincike da Angile yake. An ba ni gurbi a waje bara, jarrabawar Angile ta kayar da ni."

"Yanzu ke Ingilishi kike nema, mu kuma an ce sai Faransanci?"

"Haka ne, Anti."

"To shi ilimin da wane harshe yake?"

Ta yi dariya. Ni ba wasa nake yi ba.

Talata: Zongo

Na wuni ban san abin yi ba. Gwaggo ta ce a bar yarinya, ɗaki na nan. Wata maƙwabciya mai sayar da atamfa a kasuwar Adawlato ta ce a mai da ita gida, shekara guda ba wasa ba ce ga 'ya mace. Na kira Alhaji, ya ce, "Ke kike wurin, ke kika ga abin da ban gani ba." Wannan bai taimake ni da komai ba.

Da la'asar na sami Nafisa a tsakar gida tana wanke-wanke.

"Ke me kika gani?"

Ba ta ɗago ba. "Mama, na gaji da zaman gida. Ƙawayena suna aji uku. In na koma, sai na sake jiran wata shekarar, kuma ba tabbas. Gara in yi jiran a nan, ina koyon wani abu."

"In harshen ya gagare ki fa?"

"Sai in dawo. Amma ki bari ya gagare ni tukuna."

Laraba: Sa hannu

Goma saura kwata aka miƙo min takarda shafi uku. Samira ta fassara min iyakar iyawarta, amma akwai wurare biyu da ta ce ita ma Faransancin lauyoyi ne. A ƙasa aka ce sai na rubuta wasu kalmomi uku da hannuna, ma'anarsu wai na karanta na amince.

"Ai ban karanta ba," na ce.

"Kowa haka yake rubutawa, Anti."

Ta rubuta min a bayan ambulan, na kwafa harafi bayan harafi. Nafisa na tsaye a bayana, ina jin numfashinta.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Shida na safe, agogon can, na bar Zongo. Nafisa ta riƙe kukanta har na hau babur. A Ilori na sake kwana, na iso Zariya Juma'a da magariba.

Da safe Alhaji ya sa tabarau ya juya takardar gaba da baya. Muka kai wa maƙwabcinmu, malamin jami'a mai digiri uku, ya ce shi ma nan ya tsaya. Shi ya ce mu gwada Malam Isufu, telan bakin layi, mutumin Maraɗi.

Malam Isufu ya dakatar da keke, ya karanta shafi ukun tsaf. Ya ce komai daidai ne, shekarar harshe ɗaya, ta karatu uku. Sai ya sa yatsa a ƙasan shafi.

"Amma Malama, wa ya rubuta nan? Harafin ƙarshe yana da 'yar alama a kansa, an bar shi ba hula."

"Ni ce," na ce.

Ya ɗauki alli ya nuna min yadda ake yi a jikin teburinsa, na maimaita sau biyu yana kallo.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo Larai da Samira da suka riƙe min 'ya. Ko daidai na yi, har yau ban sani ba. Allah ya sa daidai ne.