Bargunan da Ban Sayar Ba

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana. Har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, amma duk wanda ya girma a Gwiwa ya san Malam Mai Bargo, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Yara suna zaton bargo yake sayarwa, alhali bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ni ce 'yar kasuwar gidan, dillaliya tun ina amarya. Tunda a kaina ya samo sunan, gara in faɗi asalinsa da bakina.

Ga abin da ke gabanmu a lokacin. Haihuwa biyu na yi, duka bakwaini, kuma babu wanda ya kai ranar suna. Ga ciki na uku ya shiga wata biyar. A shekarun ne kuɗin mai ya shigo ƙasa, ma'aikatan Kazaure suka sami ƙarin albashi, matansu suka tashi haiƙan da sayen atamfa da kwanuka. Kaya a ka, in shiga wannan gida in fita wancan, ciniki sai godiya. Amma da za a karɓe kayan duka a ba ni jaririn da zai wuce kwana bakwai, da ban tsaya ciniki ba.

Akwai abin da ke damuna tun cikin farko: zafi wajen fitsari, ciwon mara da ƙaiƙayi. Mu mata sanyi muke ce masa, kuma ba maganar da ake yi da namiji ba ce. Wata rana Malam ya ga ina cije leɓe, ya matsa da tambaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Sanyi ne, Malam."

Ya dubi rana, ya dube ni. "Sanyi? A wannan bazarar?"

Na ce e. Ranar kasuwar Babura ya bi mota, ya dawo da barguna uku masu kauri, irin waɗanda ake shigowa da su ta Nijar. Ya lulluɓe ni da su duka. Ina ta zufa kamar an tsamo ni daga rijiya, kunya ta hana ni magana. In ya leƙo ya ce, "Yaya jikin?" sai in ce da sauƙi.

A haka yayarsa, Yaya Tabawa, ta zo daga Roni ta same ni. Da na raɗa mata gaskiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta kira shi ta ce, "Allah ya shirye ka. In an kawo maka keke, ba ka tambayar inda ya lalace? Sanyin mata ne, na ciki."

Ya ce, "To Yaya, shi na cikin da me ake rufe shi?"

Ta ce za ta jiƙa mini saiwa. Malam ba mai musu da yayarsa ba ne, amma ranar ya ce, "Ki yi haƙuri Yaya. Sau biyu ana jiƙa saiwa, sau biyu ina ɗaukar abu a hannu zuwa maƙabarta. Asibiti za mu."

A Kazaure nas ta auna fitsarina da jinina. Ta ce irin wannan sanyin in an bar shi yakan hau sama ya tayar da naƙuda kafin lokaci, haka ma zazzaɓin sauro, da ƙarancin jini, da hawan jini, da aikin wahala. Ta ba ni magani, shi ma ta ba shi nasa, ta ce in riƙa zuwa awo. Daga ranar ya hana ni ɗaukar kaya. Masu so su aiko gida, in da nisa ya ɗaure a bayan keke ya kai. Ni kuwa na sami mai sayen bargunan da riba mai kyau, amma ya hana. Ya ce, "Bar su. Ban gama sanin amfaninsu ba."

Cikin bai cika tara ba, amma ya wuce takwas. Da damina na haife ta a asibitin Kazaure, 'yar mitsitsiya, ana ta ruwa. Nas ta ce in manna ta a ƙirjina, a rufe mu tare, kada sanyi ya taɓa ta. Malam daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, wannan karon wane irin sanyi?"

Ta ce, "Na gaske."

Ban taɓa ganin ya hau mota da sauri kamar ranar ba. Ya je gida ya kawo bargunan, aka rufe mu. Ta kai kwana bakwai, aka yi suna, aka sa mata Rabi. Yanzu ita ma tana da jikoki.

Da yana nan, da ya yi murnar ganin ɗakin awo a garuruwan da a da ko kemis babu, da gidan sauron da ake ba masu ciki. Amma da ya ji haushin abu ɗaya. Har yau matan da ke zuwa sayen zani wurina sukan raɗa mini "sanyi", su sayi ƙwaya a kemis ba tare da gwaji ba, mazansu kuma ba su sani ba. Shi duk wanda ya kawo masa keke, in ya ji matarsa na da ciki, sai ya ɗago kai daga taya ya ce, "Ka kai ta awo? In ta ce maka sanyi, ka tambaya wane iri." Ana yi masa dariya, amma ana kai matan.

Bargunan sun zama na aro. Duk gidan da aka haifi bakwaini, daga Gwiwa har Roni, sai a aiko. Ɗaya ya mutu da tsufa, ɗaya ya koma Babura bai dawo ba, ɗaya na nan ƙasan akwatina. Na yi hasarar 'ya'ya biyu kafin a saye su, na sami Rabi da ƙannenta huɗu bayan haka. Na shekara hamsin ina saye da sayarwa, kuma kayan da suka fi kawo mini riba su ne waɗanda aka saya bisa kuskure, aka hana ni sayarwa. Allah ya ji ƙanka, Malam.