Amalankena Na Farko

Shekarun baya, lokacin da Dogon Dutsi ba ta kai rabin yadda take yanzu ba, maƙerar mahaifina ita ce ƙarshen gari ta wajenmu. Kana wuce ta sai gonakin hatsi. Rumfar kara ce kawai, da zuga-zugi, da tarin gawayi. Hauya da kalme da lauje na manoman yankin, har na mutanen Matankari, daga nan suke fitowa.

Ni kuwa na dawo daga Yamai ina saurayi, na koyo walda shekara uku, kaina ya kumbura. A shekarar nan ne aka jawo wa unguwarmu kuran, wato lantarki, fitilu suka kama. Na samu tsoho a rumfarsa na ce, "Baba, mu rushe rumfar ga mu kafa injin walda. Amalanke mutane ka so yanzu. Wanga aiki naka ya wuce yayi."

Bai ɗago ba. Sai da ya gama bugun kalmen da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ƙasar Allah da faɗi. Tai ka kafa naka."

Na ji haushi, na tsallaka hanya na kafa shagona daidai inda zai riƙa ganina. Har farin fenti na sa aka rubuta min suna da Faransanci, ga shi rabin masu wucewa ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wata biyu muna fuskantar juna, gaisuwar safe kawai ke haɗa mu. Mahaifiyata ta yi magana har ta gaji.

Da kaka ta yi, wani dattijo manomi daga wajen Dumega ya ba ni aikin amalanken shanu. Shi ne babban aikina na farko. Na tsinto ƙarafa a wurin 'yan gwangwan, na haɗa, na shafa masa shuɗin fenti. Ranar da aka ja shi, da gangan na sa aka tsaya ƙofar maƙera. Baba ya dubi ƙarƙashinsa ɗan lokaci, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai na kau da kai. Ya koma ga wutarsa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, sai ga dattijon a ƙafa, fuska ba walwala. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalanken ya karye a gangara, da dammunan hatsi a kai. Kaya ya kife, sansa guda ya gurɗe ƙafa. Bai yi min faɗa ba, wanda da ya yi da na fi jin sauƙi. Wuce ni ya yi ya tsuguna gaban mahaifina ya ce, "Baba, don sunanka na ba yaron ga aiki."

Ina tsaye ina ji, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ce a kawo karyayyen ƙarfen. Da aka kawo shi a jaki da la'asar, ya ƙwanƙwasa shi da masaba, ya saurara, ya kira ni. "Taho ka ji. Wanga ƙarfe ya mutu tun kafin ka taɓa shi. Ɗinkinka bai saki ba, duba, ga shi nan daram. Ƙarfen ne ba ka sani ba."

Ya jawo wani tsohon ƙarfen mota daga bayan rumfa, ya ce in kama zuga. Ni mai takardar Yamai, ga ni durƙushe ina zuga kamar yadda nake yi ina ƙarami, masu wucewa na kallo. Ya gasa, ya buga, ya miƙe shi, ya bar shi ya huce a toka. Washegari da kansa ya ɗauko shi, ya tsallako hanya, karo na farko, ya ajiye a shagona. "To, yi naka ɗinkin."

Daga nan aiki ya zama ɗaya. Shi ya zaɓi ƙarfe ya gyara, ni in haɗa. San dattijon ya warke, dattijon kuma ya riƙa turo mana mutane har daga Tibiri. Wasu masu walda suka zo suka kafa kusa da mu, sai masu ƙofofi, masu gyaran injin niƙa, masu facin tayoyi. Aka yanka gonakin aka yi gidaje. Yau in ka tsaya ƙofar shagona, gari ne gaba da baya, ƙarar injuna ba ta barin ka ji sallama.

Baba ya rasu da daɗewa. Abin da ke taɓa ni har yanzu shi ne ban taɓa buɗe baki na ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Amma akwai wata rana, kusa da ƙarshensa, da hannunsa ya fara rawa, ya ce in ara masa baƙin gilashin walda. Na riƙe masa hannu, ya ɗiga wuta a kan ƙarfe. Ɗinkin ya fito a karkace, muni ba a magana. Ya cire gilashin yana dariya har da hawaye, ya ce, "Ashe kai ma wahala kaka sha."

Ina jin a ranar ne muka yafe wa juna.