Rakiyar da Ta Kai Ni Lyon

Bokona bai wuce aji biyu ba, a ajin ma malaminmu na Maraɗi ya fi sanin ƙeyata da fuskata. Amma a ƴar majami'armu ta Metodis da ke Saint-Denis, a gefen Paris, ina da muƙami: ni ke riƙe da lakile, wato makullai, na majami'a da na gidan fasto, ɗaure da igiyar takalmi. Mutanen Kwatano da na Abijan ne suka cika wurin. Hausawa kuwa ni ne da mai ɗakina, har nuna mu ake yi wa baƙi.

Tsohon fastonmu ɗan Benin ne da ya yi ƙuruciya a bakin iyakar Gaya, Hausa radau a bakinsa. Sarkin Lakile yake ce mini, ni kuma in ce Baba.

Su Metodis ba jama'a ke zaɓen fasto ba, manya ke turo shi. Tsoho ya fita da safe, sabo ya shiga da rana, kafin nan mata sun cika ɗakin girki da shinkafa da mai da doyar kasuwar Barbès, don kada matar baƙo ta nemi kasuwa a makon farko. Wanda ya yi ritaya kuma ba ya zama kusa, gudun kada a riƙa kai masa ƙarar sabo. Shi ya sa Baba ya shirya komawa Lyon wajen ɗiyarsa.

Aikina ran Asabar ɗin ɗaya ne: in kulle gida bayan Baba, in buɗe wa mata da azahar.

Kowa ya yi sallama a bakin ƙofa ya watse. Ni kuwa a garinmu ba a sallamar babba a zaure. Na ɗauki balis ɗinsa na tufafi, na ce iyakata bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. A bakin metiro na ce iyakata tasha, tashar jirgin ƙasan nan ta Paris da ita ma ake kira Lyon. A tasha Baba ya ce, "Sarkin Lakile, koma haka nan, rakiya ta yi."

"Baba, bari dai in ɗora maka kayan."

Na shiga jirgin, na ɗora. Sai gaisuwa: a gaida ɗiya, a gaida jikoki, a yafe mana. Idon tsoho ya kawo ruwa, ya kama hannuna ya ce mu yi addu'a. Addu'ar Baba kuwa ba ta san hanyar yanke ba, sai ta biya ta kan marasa lafiya da matafiya da shugabannin ƙasashe. Da na ce amin na buɗe ido, sai ga Paris tana tafiya da baya.

Na ruga ƙofa ina bubbugawa. Baba ya ce, "Zo ka zauna, wannan ba motar Tasawa ba ce da za a daki gefenta ta tsaya. Sai Lyon."

Na taɓa aljihu, lakile suka amsa mini. Akwai kuwa wani dattijon ikilisiya, mutumin Kwatano mai ɗaure wuya ko a zafi, da ya daɗe yana cewa a ba wanda ya iya karatu riƙon lakile. Ga shi na dafa masa, na kai masa har baki. Da mai duba tike ya zo, Baba ne ya yi bayani ya sallame shi, yana dariya har da tari.

Da muka sauka a garin Lyon na buga tarho shagon burodin da ke ƙasan gidan fasto, aka kira mini mai ɗakina.

"Malam, kana ina? Ga fasto ya iso da iyali, matar da tsohon ciki!"

"Ina Lyon."

"Tashar ko garin?"

"Garin."

Ta ce, "Sannu da hijira." Ta ajiye.

Abin da na gani na Lyon ke nan: akwatin tarho da agogon tasha. Baba ya rako ni jirgin komawa, amma ya tsaya can nesa da ƙofa, hannuwa a baya.

Na iso da yamma liƙis, ko da yake rana ta bazara ba ta da niyyar faɗuwa. Tun daga ƙasa nake jin waƙa. Ashe da mata suka gaji da jira, sai suka buɗe tukwane a kan matakala. Wata Balarabiya maƙwabciya ta shigar da matar fasto ɗakinta ta kwanta, ta fito da shayi. Sabon faston, saurayi ɗan Abijan, yana zaune a kan buhun shinkafarsa, kwanon tuwon mai ɗakina a cinya.

Mai ɗaure wuya ya miƙo mini hannu. Na ciro igiyar takalmin. Sai fasto ya tambayi abin da ya faru. Mai ɗakina ta tashi da faransancinta na kasuwa, ta yi masa bayanin rakiya, da yadda ake taka wa babba, da yadda wasu ba su san wurin tsayawa ba. A nan ta nuna ni da ludayi.

Fasto ya yi dariya har ya ajiye kwano. Ya karɓi lakilen daga hannuna, ya buɗe gidansa da kansa, mata suka bi shi da kaya. Sannan ya dawo ya cusa mini su a aljihu, ya ce a gaya mini: ya yarda in riƙe, da sharaɗin ranar da aka ɗauke shi a ɗaure ni a bakin tasha.

Shekarun da ya yi da mu ni na riƙa buɗe masa ƙofa, kuma ni na koya wa ɗan da aka haifa masa cin ƙilishi. Da aka tura shi wani gari mun je tasha. Ba a ɗaure ni ba, amma har jirgi ya ɓace gefen rigata yana hannun mai ɗakina.