Mazarƙwailar da Na Hana Mahaifiyata

Shekarun baya, muna zaune a wani ƙauye ta wajen Kakangi, ni ne likitan gidanmu. Ba wanda ya naɗa ni. Malamin firamare ne ni, ina iya karanta rubutun jikin kwalin magani, shi ke nan na ɗauka na gama da ilimi. Da aka ce mahaifiyata tana da ciwon suga, sai na sa wa kwanonta ido. Ba suga a koko, ba rake, ko dabino sai ta faki idona.

Wata safiya ta haɗiye ƙwayar maganinta, kunu na kan wuta, sai ga mutane a guje, wai 'yan bindiga sun fito daga daji sun tunkaro mu. Dama tun jiya ba ta ci abin kirki ba saboda fargaba. Babura suka kwashe yara da masu ciki. Mu muka bi ta gonaki a ƙafa, muna neman titin Birnin Gwari.

Kafin azahar na ga ta canza. Gumi na zuba, hannunta na rawa, tana yi mini faɗa a kan abin da ba ni na yi ba. Muka zauna a gindin wata ɗorawa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke tafe tare, ta kwance bakin zanenta ta ciro guntun mazarƙwaila.

"Malam, ba ta ta tsotsa. Yunwa ce."

"Haba Gwaggo! Kashe ta za ki yi? Suga ne fa ke damunta."

Mahaifiyata ta miƙo hannu. "Ɗan nan, ko kaɗan ne," in ji ta.

Na ture hannun Gwaggo. Na ba mahaifiyata ruwa. Har aljihu na laluba zan ƙara mata ƙwaya, don a tunanina sugan ne ya hau. Allah Ya taimake ta na baro maganin a gida.

Ba mu yi nisa ba ta zube. Ni na goya ta har titi, wata motar itace ta ɗauke mu. Sai bayan la'asar muka isa asibiti. Wata nas ta tsaga mata yatsa, ta duba ɗan injin awon suga, ta ɗauko ruwan suga za ta ɗura mata a jijiya. Kun san har a nan sai da na buɗe baki zan yi gyara?

Ba ta kula ni ba sai da ta gama. Sannan ta juyo.

"Malam, jiki yana da rumbu. In an ci tuwo, sugan da ya rage hanta da tsoka ke adanawa. Gilaikojin muke ce masa. Na tsoka, tsokar ce kaɗai ke cin abinta. Na hanta shi ake sakowa cikin jini don ƙwaƙwalwa ta samu. Rumbun kuwa ƙarami ne, da ƙyar yake kai yini guda. Ga yunwa, ga tafiya, ga magani na jan suga ƙasa. Nata ya ƙare ƙaf. Ba wanda ke da ko alawa a cikinku?"

Gwaggo na tsaye a bayana. Har Allah Ya karɓi ranta ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Mahaifiyata ta farfaɗo washegari, amma ba duka ta dawo ba. Maganarta ta yi nauyi, sunayen jikokinta suka riƙa ɓace mata. Matar da ke sasanta rigimar unguwa ta koma sai an tuna mata ta yi salla ko ba ta yi ba.

Mutane kan ce in daina zargin kaina, waɗanda suka kore mu daga gida su ne masu laifi. Gaskiya ne, kuma ban yafe musu ba. Amma ba su ne suka ture hannun Gwaggo ba. Rabin sani ne da ni, na riƙe shi da ƙarfi kamar aya.

Mahaifiyata ba ta tuna ranar ko kaɗan, don haka ko gafarar da na roƙa ba ta san ta mece ce ba. Shekara uku ta yi a ɗakina a Birnin Gwari kafin ta rasu. Duk lokacin da aka ajiye mata abinci, ba ta taɓawa. Sai ta ɗago kai ta neme ni da ido, ta ce, "Malam, in ci?"