Shotlis da Irin Doyata

Wauta dai ba baƙuwata ba ce, amma wadda na tafka a Abaji, tun ba a yi mafarkin babban birni a nan ba, ba zan manta da ita ba har a sa ni a rami.

Masu gyaran hanyar Lokoja ne suke neman mai gadin sito, mutum ɗaya tak. Muka cika fili maƙil. Bayan kwana biyu akawunsu, wani ɗan kudu mai gurguwar Hausa, ya kira sunayen 'yan kaɗan, har da nawa. Ya ce, "Kai tana cikin shotlis." Ni da bokona ya tsaya a aji biyu, ban tambaya ba. Ina dalili? A wajenmu in mai unguwa ya kira sunanka a bainar jama'a, magana ta ƙare. Ba a tayar da magidanci tsaye sannan a ce ya koma ya zauna.

Ina isa gida na ce wa matata ta kwaso irin doyar da muka ajiye na shuka, a daka sakwara a kira maƙwabta, mai albashi ba ya duƙa wa kunya. Ta ce, "Malam, ka bari mu ga kakin tukuna." Na ce ita me ta sani a harkar Turawa. Aka ci aka lashe hannu, har ana kira na Oga.

Ranar da na koma karɓar kaki, sai na tarar da sauran da aka kira, kowa ya ci rigar Juma'a. Kai, raina ya ɓaci! Akawu ya ce ai shotlis tankaɗen farko ne, an zubar da tsakuwa, abin da ya rage kuma za a sake tankaɗewa. Aka ɗauki wani tsohon soja. Na yi ta masifa, don me akawun bai ce "tukuna" ba tun farko? Ya ce ai abin da ya faɗa ke nan, da Turanci.

Shekarar nan ƙodago na yi a gonakin waɗanda suka cinye mini iri. Tun daga nan, in aka jefo mini Turanci sai na tambaya kafin in yi murna.

Da yunwar bazara ta kama mu, na tambayi matata abin da aka dafa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Oga, yau ma shotlis ɗin za a daka maka?"