Ranar da Na Ƙara wa Katin Laftof Gudu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Gubi, zanen gine-gine nake karantawa. Aikin kammalawata wata ƙaramar kasuwar kayan gwari ce, da rumfunanta da masallacinta. Zanen bai ba ni wahala ba. Abin da ya dame ni shi ne fitar da hoton ginin kamar an ɗauke shi da kyamara, da inuwa da hasken rana. Idan na ba kwamfutata wannan aikin da safe, sai in yi wanki, in shanya, in kwashe, ita tana nan tana nishi. Laftof ce ta hannu, Baba ya saya min a Wunti, kuma a cikinta duk wahalata take.

Ƙawata ta ɗakin kwana ce ta fara ba ni labarin. Kirista ce 'yar Bogoro, injiniyan lantarki take karantawa, kuma a bakinta kowa namiji ne.

"Ka ga," ta ce min, "akwai kati a ciki, shi yake aikin hoto. Kamfani ya saita masa iya gudunsa, amma ana ƙara masa. Obakulok ake cewa."

Ta sa min wata 'yar manhaja mai layuka biyu da ake ja gaba ko baya, da lambar da ke nuna zafi. "Kaɗan-kaɗan fa. Ka ƙara, ka gwada, ka duba zafi."

Ranar Asabar na zo gida Ƙofar Ran. Tsakiyar bazara ce, ko kaji sun lafe a gindin randa. Bayan azahar na haye katifa, na ɗora kwamfutar a gabana, na ja layukan kaɗan. Na ba ta aiki, sai na ga kamar ta ɗan yi sauri. Daɗi ya kama ni. Na ce tunda kaɗan ya yi haka, ai da yawa zai fi. Na ja su har kusan ƙarshe. Na kuma ga wani ɗan akwati da ke cewa a riƙa amfani da saitin duk lokacin da aka kunna, na danna shi.

Ban yi nisa ba wasu ɗigo-ɗigo kore da shunayya suka watsu a kan rumfunan kasuwata. Fankar ciki ta hau kuwwa. Hoton ya tsaya cak, sannan allon ya yi baƙi ƙirin.

Na kashe, na kunna. Ta taso lafiya, har na fara hamdala, sai ga ɗigon nan sun dawo, ta sake mutuwa. Haka ta riƙa yi. Na kai hanci ina shinshina ko zan ji ƙauri. A lokacin ne na tuna ban ajiye aikin nan a ko'ina ba sai a cikinta, ga ranar gabatarwa ta matso.

Inna ta leƙo ta same ni zaune na zuba wa baƙin allo ido.

"Ke lafiya? Wa ya rasu?"

Na nuna mata kwamfutar. Ana haka Baba ya dawo daga shago don sallar la'asar. Na yi masa bayani a hargitse, ina jiran faɗa. Sai kawai ya tambaye ni:

"Ta yi hayaƙi?"

"A'a, Baba."

"To ki daina kunna ta haka nan. Kira wadda ta koya miki."

Ƙawata tana coci wajen koyon waƙa lokacin da na kira. Suna tashi ta hau keke napep ta zo, da littafin waƙoƙinta a hannu. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta shigo ta sa tafin hannu a ƙasan kwamfutar, ta janye da sauri.

"A kan katifa ka ɗora shi? Ta ina zai sha iska?"

Ta ari farantin Inna na silba ta kife, ta ɗora kwamfutar a kai, muka zauna jiran ta huce. Wannan jiran ya fi komai tsawo a wurina. Ita kuwa tana ta hira da Inna kan tsadar tattasai.

Da ta huce, sai ta kunna ta ta wata hanya da kwamfuta ke tashi ba tare da ta kula saitin katin ba. Rubutu ya fito manya-manya, ba kyan gani. Ta cire manhajar, ta kashe, ta sake kunnawa kamar kullum. Na zuba ido ina jiran ɗigon. Shiru. Na buɗe aikina, sai ga kasuwata, ko rumfa ɗaya ba ta ɓata ba.

Ban san lokacin da na rungume ƙawata ba, ina dariya hawaye na zuba. Inna daga tsakar gida ta ce, "Alhamdulillahi, ta farfaɗo ke nan?"

Kafin komai na kwashe aikin a filash. Sannan muka goge ƙurar ramukan iska da tsohon buroshi, muka ɗaga kwamfutar a kan murafen kwalba. Ƙawata ta mayar da manhajar, ta ce ni zan ja da kaina. Na ja kaɗan, muka gwada, muka duba zafi, na ƙara kaɗan. Da lambar zafi ta fara hawa, na koma baya na tsaya. Saurin da aka samu bai taka kara ya karya ba, amma ban damu ba.

Inna ta hana ta tafiya sai ta ci tuwo. Da aka ajiye mana kwanon, ƙamshin miyar kuka ya buge ni, sai na tuna ko abincin rana ban ci ba. Na ci har na nemi ƙari, ita tana min tsiya, sannan Baba ya raka ta bakin titi ya tsayar mata da keke kafin magariba.